Bagazam, Dutsen da Ya Fi Kowane Tsawo a Nijar

Wanda ya shiga mota a Gazawa ya bi kwalta ta Agye da Caduwa da Maraɗi har ya sauka Gidan Runji ya yi tafiyar fiye da kilomita 150, kuma da wuya direba ya canza giya sau ɗaya saboda hawa. Jigawa ce shimfiɗe, gonakin hatsi da wake da gyaɗa da aya, sai gawo da kalgo jefi-jefi. Ƙasar nan duk tana wajen mita 400 sama da teku, ɗan gangaren da ake gani kuwa na Gulbin Maraɗi ne ko na Gulbin Kaba. A yawancin garuruwan yankin, abin da ya fi komai tsawo shi ne hasumiyar masallacin Juma'a ko eriyar kamfanin salula.

Saboda haka idan aka ce wa mutumin Agye akwai masu biyan kuɗi, su bar gidajensu da iyalinsu, su tafi su hau dutse don nishaɗi kawai, ba abin mamaki ba ne ya yi dariya. Amma dutsen da ake magana a kansa yana cikin ƙasarsa, kuma alaƙarsa da shi ta fi yadda yake zato tsufa.

Sunansa Bagazam, a cikin duwatsun Azbin, jihar Agadas. Ƙololuwarsa, wadda Abzinawa ke kira Idukal-n-Taghes, tana da tsawon mita 2,022, kuma babu inda ya kai ta a faɗin Nijar. An daɗe taswirori da yawa suna ba dutsen Gerebun, can arewacin Azbin, wannan matsayi, alhali shi mita 1,944 ne. A maƙwabta akwai waɗanda suka fi Bagazam: Cabbal Waddi na jihar Taraba a Najeriya mita 2,419, Tahat na Aljeriya 2,908, Emi Kusi na Cadi 3,415. Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, ya kusa ninka shi uku. To, ba tsawo ne ya sa Bagazam ya fita daban ba. Abin da ya bambanta shi shi ne mutane suna zaune a kansa, suna noma, suna kiwo, suna haihuwa, suna binne matattunsu.

Daga nesa, matafiyin da ya fito Agadas ya nufi arewa maso gabas ya yi fiye da kilomita 100 a kan hanyar Tabelot, abin da zai fara gani shi ne wata baƙar katanga da ta tare sararin sama. Idan ya hau, sai ya tarar saman fili ne mai faɗi, kusan kilomita 40 a tsawo da 20 a faɗi, a kan mita 1,500 ko sama da haka, da tuddai da kwazazzabai da manyan duwatsu jibge kan juna. A cikin wannan fili akwai ƙauyuka kamar goma, ciki har da Bagzan-n-Ammas, da maɓuɓɓugan ruwa da ke shayar da garake. Masana ilimin ƙasa sun ce dutsen ya samu ne daga narkakken dutse da ya taso daga cikin ƙasa ya daskare, wajen shekara miliyan 400 da suka wuce. Wani abin sha'awa shi ne irin waɗannan duwatsu sun yi jerin gwano daga Azbin, suka bi ta Damagaram da Muniyo, suka dangana da tsaunukan Jos a Najeriya, kuma duk yadda aka yi kudu shekarunsu raguwa suke yi: na Jos ba su kai shekara miliyan 200 ba.

Zumuncin dutsen da ƙasar Maraɗi kuwa, a Tsibiri ya kamata a fara neman labarinsa. Tsibirin Gobir, wanda ke cikin yankin Gidan Runji, shi ne mazaunin Sarkin Gobir tun bayan yaƙin Gawakuke na 1836, lokacin da Sarki Mayaƙi ya kafa garin. Tarihin bakin Gobirawa ya ce kakanninsu sun zauna a Azbin kafin ƙarfin Abzinawa ya turo su kudu, suka yi zango a Birnin Lalle, daga baya suka kai Alƙalawa, wadda ta faɗi hannun masu jihadi a 1808. Ke nan Bagobirin Tsibiri ko Cadakori da ya tsaya a gindin Bagazam, bisa ga abin da tsofaffinsa suka faɗa masa, tsohon gida ya koma. Mahaya ma sun san sunan ta wata hanya. A fadodin ƙasar Hausa an daɗe ana girmama doki ɗan Azbin, kuma a cikinsu wanda ake dangantawa da Bagazam ya fi kowane daraja, har labaransa suka cakuɗe da almara, ana ba shi gudun da ba a ba wani doki.

Sai gishiri. Kowace shekara wajen watan Oktoba, ayarin raƙuma na Abzinawan Kel Ewey, mutanen Timiya da Bagazam da kewaye, yakan ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Bilma ɗauke da hatsi, ya dawo da kantu da dabino. Bayan ɗan hutu sai a yi kudu, zuwa Damargu da Tasawa da ƙasar Maraɗi, har Kano. A nan fatake sukan yi watanni: su sayar da gishiri a kasuwannin ƙauye, su sayi hatsi, raƙumansu su ci karan gonakin da aka girbe su bar taki, manomi ya ji daɗi, baƙo ya ji daɗi. Motocin ɗaukar kaya sun rage wa wannan fatauci ƙarfi ƙwarai, amma bai mutu ba, kuma shi ya sa mazan Azbin da yawa suke jin Hausa kamar a Tasawa aka haife su. Wani Bajamushe masanin al'adu, Gerd Spittler, ya fara bincikensa a tsakanin manoman Gobir a ƙarshen shekarun 1960, daga baya ya koma Timiya ya yi shekaru yana nazarin waɗannan fatake. Ya ga bakin igiyar biyu, na kudu da na arewa.

Tun kafin shi wani ɗan ƙasarsu ya bi wannan hanya. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya wuce ta gefen Bagazam a watan Oktoba na 1850 a kan hanyarsa ta zuwa Agadas, sannan ya biyo ayarin gishiri zuwa kudu. A watan Janairu na 1851 ya sauka Tasawa, ya wuce Gazawa, wadda ya tarar gari ne mai kafi a bakin dajin da ya raba ta da Katsina, abokin tafiyarsa Overweg kuma ya nufi Maraɗi da Gobir. Barth kallon dutsen ya yi daga ƙasa. Wanda ya hau ya zauna ya yi rubutu a kansa shi ne Angus Buchanan, ɗan ƙasar Sikotilan, da ya taso daga Kano ya isa a 1920 yana tattara tsuntsaye da ƙananan dabbobi don wani gidan adana kayan tarihi a Ingila. Ya zo ne shekara uku bayan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, lokacin da ramuwar gayyar sojan Faransa ta bar garuruwan Azbin da yawa kufai.

To yaya hawan yake?

Hanyar da mutanen dutsen suka gada ta ƙafa ce, da jaki, da raƙumin da ya saba da tsakuwa. Akan tashi daga wani ƙauye na gindin dutse a ƙasar Tabelot da asuba, kafin rana ta yi zafi, a shiga kwazazzabo a yi ta hawa a karkace tsakanin duwatsun da suka fi ɗaki girma. A wasu wurare hanyar ba ta wuce faɗin jaki ɗaya da kayansa ba, don haka idan aka yi kiciɓis da masu saukowa, sai mai hawa ya raɓe jikin dutse ya ba su hanya. Masu saukowar nan su ne darasi na farko ga baƙo. Yana haki, gwiwa tana rawa, sai ga dattijo ya kora jakuna ɗauke da buhunan albasa ko tafarnuwa ko dankalin Turawa ko busasshen tumatir, da takalmin roba a ƙafa, ya yi sallama ya wuce abinsa. Abin da baƙo ke kira wasan motsa jiki, a wurinsa hanyar kasuwa ce. Kafin a kai saman filin akan ci awoyi da dama ana hawa. Ƙololuwar kanta kuma tafiya ce ta daban, a kan tsakuwa da duwatsu masu gangarawa, shi ya sa masu shirya irin wannan yawo sukan ware kusan mako guda don a ratsa dutsen a natse, ana kwana a fili ko a gefen ƙauye.

Ba a buƙatar igiya ko ƙugiya, ba a kuma buƙatar tukunyar iska irin ta masu hawan Himalaya. Ciwon da ƙarancin iska ke jawowa, mai sa ciwon kai da amai, galibi sai an haura mita 2,500 yake fara kama mutum, Bagazam kuwa bai kai nan ba. Abin da ke ka da mutane shi ne ƙishirwa, da targaɗe, da sanyi. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da aka hau zafi yakan ragu da kusan digiri 6 da rabi. Mutumin Gazawa da ke ganin ya san hunturu domin yana kwana da wuta a ɗaki a watan Janairu zai sake lissafi a saman Bagazam, inda a wasu darare na wannan lokaci sanyi yakan kai ruwa ya daskare. Duk da haka tsakanin Nuwamba da Fabrairu ne lokacin tafiyar. Da bazara zafin gindin dutse ba ya barin mutum ya yi tafiyar kirki, da damina kuwa, ko da yake ruwan Azbin kaɗan ne, idan ya sauka a kan dutse ba shi da inda zai nutse, sai ya taru ya gangaro kwari da ƙarfin da ke tafiya da raƙumi. Ambaliyar da ta rusa unguwanni a Agadas a farkon Satumba na 2009 daga duwatsun ta sauko. Shi ya sa ɗan jagora ba ya yarda a shimfiɗa tabarma a tsakiyar busasshen kwari a wannan lokaci, ko da sama tana tas.

Abincin hanya ma abin gani ne. Da yamma ɗan jagora yakan kwaɓa garin alkama da ruwa da gishiri, ya ture garwashi gefe, ya binne ƙullun cikin rairayi mai zafi, ya mayar da toka da garwashi a kai. Bayan ɗan lokaci ya tono, ya juya, ya sake rufewa. Idan ta gasu sai ya kakkaɓe ta, ya ɗauraye, ya gutsuttsura cikin miyar tumatir da albasa. Wannan ita ce tagilla. Da rana kuma akwai abin shan da ake damawa da dakakken hatsi da dabino da cukun akuya, ɗan'uwan furar da aka sani a Maraɗi, wanda ke riƙe ciki wuni guda. Shayi kuwa sai an yi zagaye uku, kuma wanda ya tashi bayan na farko ya nuna bai san gari ba.

Mai sa'a yakan hangi ragon dutse, ko da yake farauta ta sa ya yi wuyar gani, da rema a bakin kogo, da birai. A wuraren da suka fi tsawo a Azbin har zaitun na daji ake samu, ragowar zamanin da Sahara take da ruwa. Shaidar wannan zamani tana nan a zane-zanen da mutanen lokacin suka sassaƙa a jikin duwatsu, waɗanda suka fi shahara su ne raƙuman dawa na Dabus, arewa da Agadas, babban cikinsu ya haura mita 5. A arewa da gabashin Bagazam ne gandun Azbin da Tenere yake, mai faɗin hekta miliyan 7.7, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991, ta kuma mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari shekara guda bayan haka.

Wannan shekara ta 1992 ta faɗi abin da ya dami harkar baƙi a Azbin tun daga farko. A shekarun 1980, lokacin da tseren motoci na Paris zuwa Dakar ke ratsa Nijar, Agadas ta cika da Turawa. Mano Dayak ya kafa kamfanin yawon buɗe ido na Temet, matasa suka zama direbobi da masu dafa abinci da ƴan jagora, maƙeran azurfa suka samu kasuwa. Tawayen Abzinawa na farko na shekarun 1990 ya tsayar da komai. Aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da aka mayar ranar hutu saboda ita, Mano Dayak kuma ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Disamba na wannan shekara, aka sa wa filin jirgin Agadas sunansa. Baƙi suka dawo, jirage suna tasowa kai tsaye daga Faransa da hunturu, aka fara bikin Azbin a Iferwan a 2001. Sai tawaye na biyu daga 2007 zuwa 2009, da nakiyoyin da aka binne a hanyoyi, sai sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a watan Satumba na 2010. Daga nan ƙasashen Turai suka shafa wa yankin jan fenti a taswirorinsu. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013, da hasumiyarsa ta laka mai mita 27, amma masu zuwa kallo sun riga sun ƙaurace. Juyin mulkin Yuli 2023 da sace wasu Turawa mata biyu a Agadas a 2025 sun ƙara rufe ƙofar.

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya: an gina wannan sana'a kacokan a kan baƙon da ke zuwa daga ƙetaren teku, shi ya sa duk lokacin da wata ma'aikatar harkokin waje a Turai ta fitar da gargaɗi, tukunyar ɗan jagora a Tabelot take sauka daga murhu. Ba a taɓa yin wani ƙoƙari na a zo a gani ba wajen jawo ɗan kasuwar Maraɗi, ko malamin makarantar Agye, ko ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Alhali mutanen yankin suna zuwa arewa, ba kaɗan ba. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 samarin ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Runji suke cika motoci zuwa Agadas, wasu su wuce Cibarkaten, wasu Libiya ko Aljeriya. Sukan wuce duwatsun Azbin a bayan mota, fuska rufe da rawani, hankali yana kan abin da za a aiko gida. Babu mai zarginsu. Wanda rumbunsa bai kai shi damina ba, ba a yi masa maganar shaƙatawa.

Amma cewa Bahaushe ba ya hawa dutse sai da dalilin ciki, wannan ba daidai ba ne. Kanawa suna hawa Dala su kalli birni, Zazzagawa suna hawa Kufena, alhazan Maraɗi kuwa, tsofaffi da mata a cikinsu, sukan hau Jabalun Nur a Makka don su ga kogon Hira, hawan da ba na wasa ba ne. A Azbin ɗin ma akwai wurin da ƴan ƙasa suka riƙe da kansu ba tare da wani kamfani ya tallata musu ba: maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Tafadek, arewa da Agadas, inda masu ciwon gaɓoɓi da sanyin ƙashi ke zuwa daga sassan Nijar har da Najeriya su yi kwanaki suna wanka. Idan mutum zai iya kai tsohuwarsa Tafadek, zai iya ƙara ƴan kwanaki ya ga lambunan lemo da rumman na Timiya da ruwan da ke zubowa daga dutse a kusa da garin, ya ga kufan Asode, tsohon babban birnin Azbin, ya hau Bagazam.

Ɗan ƙasa yana da sauƙin da Bature ba shi da shi. Ba ya neman biza, ba ya neman tafinta, kuma ba a tilasta masa rakiyar soja yadda ake yi wa baƙin waje. Daga Agye ko Gazawa hanya ita ce a yi gabas zuwa Damagaram, a juya arewa ta Tanut da Adarbisnat, kusan kilomita 450 daga Damagaram zuwa Agadas. Mutumin Gidan Runji kuma ya fi kusa da hanyar yamma, ta Tawa da Abalak. Daga Agadas akwai motocin da ke jigilar albasa da fasinja zuwa Tabelot. Sai dai sauƙin bai kai a tafi kai tsaye ba tare da tambaya ba. Akwai ƴan fashi a wasu hanyoyin Azbin, musamman tun da zinariya ta fara yawo a kansu, kuma halin tsaro yana canzawa daga wata zuwa wata. Mai niyya sai ya tuntuɓi hukuma a Agadas, ya sanar da jandarmomi inda ya nufa, ya ɗauki ɗan jagora haifaffen dutsen, ya kuma fara gaida mai gari kafin ya yada zango.

Akwai kuma ladabin wurin. Maɓuɓɓugar da baƙo ke sha'awar tsoma ƙafa a ciki ita ce ruwan shan ƙauye da na garka, ba a wanka ko wanki da sabulu a cikinta. Itace yana da tsada a inda bishiya ke shekaru kafin ta kai tsawon mutum, don haka masu hankali sukan hau da gawayinsu ko ƙaramar tukunyar gas. Leda da gwangwani duk wanda ya hau da su shi zai sauko da su, domin awaki suna cin leda su mutu a can kamar yadda suke mutuwa a Caduwa. Ba a ɗaukar hoton mata sai an nemi izini. Kuɗin jaki da na jagora a yi cinikinsu a ƙasa kafin a ɗaura kaya, a kuma sayi cuku da tafarnuwa da dankali a hannun masu su a can sama, inda farashin bai kai na kasuwar Agadas ba.